Mabuɗin Jar Mota

Shafi na 27

Na ga saƙonninku. Masu cewa in na sake barin Afra a bakin tasha za su biyo ni har gida, ku kwantar da hankalinku, yau dai an hau.

*

Da hantsi kusan rabin garin Talried ya hallara a makiyayar da ke ƙarƙashin igiyar motar hawa dutse. Mu dama haka muke, ranar atisayen ceto ba mai zaman gida. Ƙanƙarar farko ta zuba, baƙi masu wasan zamiya a kanta ba su fara zuwa ba, otal-otal na ta wankin tagogi. To me ya rage mana in ba kallon wanda zai sha kunya ba?

Bara Afra ce ta sha ta.

An tsayar da Ja, jar motar igiya, a tsakiyar sama, Afra ta ɗaga murfin ƙasan motar, ta leƙa, ƙafafunta suka ce ba da su ba. Sai da aka tada inji aka dawo da ita tasha kamar kayan da aka ƙi karɓa.

Bana ce damarta ta ƙarshe. In ta sauke fasinjojinta kaf da igiya, ita ma ta biyo su a ƙarshe, mabuɗin Ja ya zama nata. In ta sake daskarewa, sai ta koma tagar sayar da tikiti ta tsufa a can.

Kuma Ja ba kowace mota ba ce a wurinta. Tsohuwar motar igiyarmu akwati biyu gare ta, Ja da Fara, ɗaya na hawa dutsen Kahon Akuya ɗaya na saukowa, tun zamanin da kakanninmu ke ɗaure katako a ƙafa da tsumma. Ja ita ce wadda mahaifinta Kilian ya yi shekara da shekaru yana rakawa, kafin ƙanƙara ta rufto masa a gindin turke na uku cikin turakun da ke riƙe da igiyar.

Tana ɗaure ɗamarar sauka da igiya a bakin tasha sai ga Baffa Naz, shugaban tashar, ɗan tagwayen mahaifinta, cikin rigar nan tasa ruwan ɗorawa da ake hangowa tun daga bakin gari.

"Kin karya kuwa?" ya ce.

"Na karya, Baffa."

"Kin yi ɓarna. Da kin bar cikin wayam, ko ba komai kya rage wa na ƙasa wanki."

Samarin ceto suka tuntsire. Afra ta cije leɓe ta ci gaba da jan maɗauri. Abin da ya fi ci mata rai, da fuskar babanta yake faɗa mata wannan magana, har da ɗan karkacewar bakin.

"Ba abin kunya ba ne mutum ya san iyakarsa," ya ƙara. "Tagar tikiti akwai ɗumi."

"To kai ka koma can mana, tun da ɗumi kake so!"

Ba Afra ce ta faɗa ba.

Kowa ya waiwaya. Kaka Zenzi ce a bakin ƙofa, da sandarta, da baƙin mayafinta na zuwa coci, madubin hangen nesa na rataye a wuya. Tun ranar da aka binne Kilian ba ta sake taka tashar nan ba.

"Mama!" Naz ya yi wurinta. "Me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

"Ziyara na zo. Ko an hana tsofaffi ne? Motar nan a cikinta ubanku ya fara yi min daɗin baki, ina so in ga ko har yanzu tana warin man inji."

"Yau atisaye ake, ba yawo ba. Duk wanda ya shiga da igiya zai sauko."

"Na sani. Ni aka haifa jiya?"

"Mama, shekarunki..."

"Ka bar min shekaruna, ba kai ka tara min su ba. Afra, zo ki ɗaura min abin nan."

Afra ta kalli baffanta, ta kalli kakarta, ta ɗauko ɗamara.

"Kuma da kai za mu," in ji Kaka, ta ɗora masa sanda a ƙirji. "Ba zan rataya a sama ɗana na zaune a ɗakin inji yana shan shayi ba."

"Inji fa? Wa zai kula da inji?"

"Yaranka na nan. Ko duk shekarun nan ba ka koya musu komai ba?"

Samarin ceto suka zuba masa ido. Mai duba aikin ceto, wanda aka turo daga birni, shi ma ya ɗago kai. Naz ya ɗauki hular kwano ya kifa.

*

Su shida suka shiga. Ban da su uku akwai Wastl mai burodi, da malamar makaranta, da wani saurayi mai gyaran katakon zamiya.

Ja ta yi ƙarar nan tata ta tsofaffin ƙarafa, ta rabu da ƙasa. Rufin coci ya dawo ɗan mitsitsi. Kaka ta shafa katakon bango, inda hannayen mutane suka goge shi har yana sheƙi, ta shaƙi iska.

"Tana nan da warinta," ta ce.

Sun wuce turke na biyu kenan oba-oban da ke ƙirjin Afra ta yi magana, aka ce a shirya. Ja ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya cak tana lilo.

Afra ta durƙusa ta ɗaga murfin ƙasa.

Iska ta buso mata a fuska. Can ƙasa mutane kamar an watsa gero a faranti. Ta hango mahaifiyarta Resi kusa da tukunyar miyar sha'ir da take dafa wa 'yan ceto duk shekara. Hannunta ya san aikinsa. Ta maƙala ƙugiya a ƙarfen rufi, ta gwada birki, ta sake gwadawa.

"Wastl, kai ne farko."

"Ni? Don me ni?"

"Don in igiyar ta ɗauke ka, ta ɗauki kowa," in ji Kaka.

Wastl ya zauna a bakin ramin yana kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya, Afra ta sassauta birki, ya tafi ƙasa a hankali kamar buhun fulawarsa. Da ya dira aka kaɗa ƙararrawar shanu. Malamar makaranta ta bi, idonta a rufe. Saurayin nan kuwa har da ɗaga wa 'yan mata hannu.

Saura uku.

"Yawwa," in ji Naz. Tun da aka tsaya yana maƙale a lungu, hannunsa biyu a kan ƙarfe. "Ki sauke Mama, sai ki bi ta. Ni zan tsaya in rufe murfin, a ja ni zuwa tasha."

Afra ta ɗago.

"Baffa, mai rakiya ce ƙarshen fita."

"Na sani."

"In na bar mutum a ciki na faɗi. Mai duba na ƙasa yana ƙirga kai."

"Zan yi masa bayani."

"Wane bayani? Kai da bakinka ka ce min ko kyanwa na bari a motar nan kada in sake tambayar mabuɗi!"

"Kada ki ɗaga min murya, yarinya."

"Zan ɗaga!" Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan safar hannu. "Bara ka shiga oba-oba kana cewa in ba zan iya ba in faɗa, kowa na ji. Da yamma ka je gidan shan giya ka kwaikwayi yadda gwiwata ke rawa. Na haɗiye. Yanzu kuma ka ga zan haye shi ne ka ɓullo ta nan? Me na tare maka, Baffa? Ni ba 'yar ɗan'uwanka ba ce?"

"Na ce ba zan sauka ba. Magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba," in ji Kaka.

Ta gyara zama a kan bencin katako, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Naz, za ka faɗa mata ko in faɗa?"

"Mama, ban san me kike..."

"To, ni zan faɗa. Afra, kalli hannun baffanki."

Afra ta kalla. Yatsunsa sun yi fari fat a kan ƙarfen. Gumi na bin gefen hular kwano, a wannan sanyi da ke daskarar da majina.

"Ba mugunta ce ta hana shi sauka ba," in ji Kaka. "Bai iya ba ne. Bai taɓa bin igiyar nan ba tun da uwarsa ta haife shi, kuma ni ce uwar."

"Kaka, ai na sha ganinsa! Tun ina ƙarama duk shekara yana saukowa da rigar nan."

"Rigar kika gani."

Naz ya runtse ido.

"Ubanki ne ke sauka sau biyu. Da safe ya sauko daga Ja da baƙar rigarsa. Da rana su shige bayan ɗakin inji su yi musaya, ya sauko daga Fara da ruwan ɗorawa. Hula a kai, tabarau a ido, fuska iri ɗaya, wa zai gane? Sun zaci sun yi wa gari wayo."

"Tun yaushe kika sani?" in ji Naz.

"Tun shekarar farko, sakarai! Ina tagar kicin da madubina. Kilian in yana rataye ƙafarsa ta hagu lilo take, tun yana cikin zanin goyo haka yake. Na ga baƙar riga da ƙafar hagu na lilo, na ga ruwan ɗorawa da ƙafar hagu na lilo. Ni za a sauya wa 'ya'ya?"

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Me zan ce? Ɗan'uwa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, ai daɗi na ji. Da ya rasu ka koma ɗakin inji, na ce shi kenan, Ubangiji ya rufe maganar. Sai bara na ji ka tsaya gaban mutane kana yi wa 'yarsa dariyar tsoro." Ta buga sanda a ƙasa. "Kai! Kai, Naz! Ran nan ban runtsa ba."

Iska na ta kaɗa Ja.

Oba-oba ta yi ƙara. "Afra, lafiya? Mun ji shiru."

Afra ta kalli abin a ƙirjinta. Dannawa ɗaya kawai, garin nan kaf zai ji abin da ta ji, har masu wankin taga. Naz ma wurin yake kallo. Ta tuna dariyar bara, ta ji ɗacinta har a harshe.

Ta danna.

"Lafiya lau. Kaka ce ke gyara mayafi."

Ta saki.

"Munafuka," in ji Kaka, tana murmushi. "Zo ki sauke ni, aikina ya ƙare. Kuma ki bi a hankali, in siket ɗina ya tashi gaban Wastl sai na rama."

Haka Kaka Zenzi ta sauka, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun na danne da siket, tana yi wa samarin ceto tsawa tun daga sama cewa kada wanda ya taɓa mata ƙugu. Makiyayar ta kaure da ihu da ƙararrawa.

*

Saura biyu.

Afra ta jawo igiya ta dubi baffanta. Ya zame ya zauna a ƙasa, babban mutum da furfura. Duk fushin da ta tara shekara guda ta neme shi ta rasa. Tausayi ne ya kama ta.

"Ki kira su," ya ce. "Ki faɗa musu gaskiya. Mai duba zai gane ba laifinki ba ne."

"Ba na son a ba ni mabuɗi don tausayi. Tashi."

"Ba zan iya ba, Afra. In na leƙa ramin nan ji nake yana ja na."

"Na san yadda yake ja. Wa ya fi ni sani a garin nan?"

Ta durƙusa gabansa ta maƙala masa ƙugiya. Ta ja maɗauri har sai da ya yi nishi.

"Baba bai taɓa faɗa maka yadda yake yi ba?"

"Shi ai ba ya jin tsoro."

"Wa ya ce? Yana ji. Shi ya faɗa min, ina ƙarama. Ya ce in ƙafa ta mutu kada a kalli ƙasa, a kalli Kahon Akuya a zage shi."

"A zagi dutse?"

"Tas! Har ka dira. Bara muryarka ce ta cika min kunne na manta."

Naz ya yi wata dariya mai kama da kuka. "Shi ya sa mutane ke cewa ina da ashar a sama."

"To yau ka biya su da bakinka. Matso. Kada ka kalli ƙasa, ni za ka kalla. Zuro ƙafa. Ɗaya. Yawwa, ɗayar."

"Afra, kada ki sake ni."

"Igiyar nan ta ɗauki Wastl. Ɗaga kai, ga shi can, fara."

Ya kalli dutsen ta taga.

"Kai... kai tsohon banza."

"Wannan ai gaisuwa ce. Ƙara!"

"Mai ƙaton kai! Mai sanƙon ƙanƙara!"

Ta sassauta birki.

Ihun da ya yi har Fara aka ji shi. Amma bai daina ba. Ya zagi dutsen, ya zagi akuyar da aka sa masa sunanta, ya zagi wanda ya fara cewa a kafa igiya a nan. Jama'a na ta dariya suna cewa shugaba ya tuna da ƙuruciya. Ba wanda ya lura ƙafafunsa biyu a sandare suke kamar katakon zamiya, sai tsohuwa ɗaya mai madubi.

Igiya ta yi sako-sako. Ya dira.

Saura ɗaya.

Yanzu ba mai riƙe mata birki, ba mai yi mata magana. Ta jawo igiya, ta maƙala wa kanta, ta zauna a bakin ramin. A nan ne bara komai ya tsaya.

Tsoron kuwa ya dawo. Sanyin nan ya taso daga tafin ƙafa, ya kama gwiwa, ya hau ƙirji. Ta hango turke na uku a gaba, baƙi ƙirin cikin farin ƙanƙara.

Ta ɗaga kai ta kalli Kahon Akuya ido cikin ido.

"Kai," ta ce a hankali. "Ka cinye min uba."

Ta matsa gaba.

"Ka sa uwata kuka. Ka sa an yi min dariya."

Ta kama birki da hannun dama.

"Amma mabuɗin nan ba ka isa ba, ɓarawon banza!"

Ta saki jiki.

Iska ta ɗauke ta, ta juya ta, ta ga jan cikin motar na nisa da ita, ba kowa a ciki. Sai ta ji dariya na taso mata. Ta buɗe baki ta saki irin ihun nan namu na makiyaya, dutsen ya dawo mata da shi.

Can ƙasa Kaka Zenzi ta sauke madubi, hawaye na bin kumatunta, ta damƙi hannun Wastl.

"Ƙafar hagu! Ka gani? Ƙafar hagu, don Allah ku kalla!"

Wastl bai gane komai ba, amma shi ma ya fashe da kuka.

*

Ƙafarta na taɓa ƙasa samarin ceto suka sungume ta sama, su ɗin nan da suka yi mata dariya da safe. Ƙararrawar shanu kamar za ta tsaga kunne. Mai duba ya miƙo hannu ya ce aiki ya yi kyau, ba gyara.

Jama'a suka dare, Naz ya tako. Har yanzu tafiyarsa ba ta daidaita ba. Ya zaro tsohon mabuɗin tagulla daga wuyansa, ya ɗaga kowa ya gani.

"Bara na yi wa yarinyar nan dariya," ya ce da ƙarfi. "Duk wanda ya taya ni, yau ya zo ya taya ni jin kunya. Ja ta samu mai ita!"

Ya rataya mata shi. Mabuɗin da ɗuminsa, ga nauyi. Afra ta damƙe shi a tafin hannu, ta ji duk duniya ba wanda ya kai ta.

Aka watse aka nufi tukunyar miya. Naz ya riƙo hannun rigarta.

"Tsaya. Akwai saura."

"Baffa, ya wuce. Ba mai ji a bakina."

"Ba wannan ba." Ya rage murya. "Kin tambaye ni me kika tare min. Ba ki tare min komai ba. Ba na so ne in sake tura jinin Kilian sama."

"Sake?"

"Ranar da ya rasu, ranar hutunsa ce."

"Na sani. Mahaifiyata har yau ba ta yafe masa ba. Ta ce ya tashi ya bar abinci a kan tebur, ba wanda ya aike shi, taurin kai ne kawai ya kai shi turken nan."

"Ba taurin kai ba ne," in ji Naz. "Ƙanƙara ce ta daskare a kan turke na uku, dole a hau a fasa. Aikina ne ranar. Na je gindinsa na ɗaga kai, na kasa. Ni na buga masa waya, Afra. Na ce ya zo, kuma kada ya faɗa wa Resi."

Wani abu ya faɗi a bayansu.

Afra ta waiwaya.

Kwano ne a kife, miyar sha'ir na tururi a kan ƙanƙara. Mahaifiyarta na tsaye, hannunta biyu a miƙe yadda ta riƙo shi, idonta a kan rigar ruwan ɗorawa.

"Naz," ta ce. "Maimaita."